Magani ko ƙona jijiya: zaɓin ɗan tsere mai rikicewar bugun zuciya

Wanda ya shekara goma ko fiye yana gudun fanfalaki ko tseren keke, ɗakin sama na hagu na zuciyarsa kan faɗaɗa, a wasu kuma bugun ya riƙa rikicewa. Hanya biyu likita zai shimfiɗa masa.

Magani ya fi sauƙin farawa, amma yana takura ɗan wasa. Bisoprolol da danginsa suna danne bugu, alhali zuciyar ɗan tsere a hutu takan buga 40 zuwa 50 kacal a minti. Sai jiri da kasala su biyo baya, ƙarfin gudu ya ragu. Flecainide kan daidaita bugun, sai dai idan aka motsa jiki yana cikin jini, zai iya jefa zuciya cikin gudu mai haɗari, shi ya sa ake haɗa shi da mai rage bugu. Mai toshewar jijiyoyin zuciya kuwa, ba a ba shi sam.

A ɗaya hanyar, ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuciya, a ƙona ko a daskarar da bakin jijiyoyi 4 masu kawo jini daga huhu, inda tartsatsin lantarki mai rikita bugun ke tasowa. Akwai haɗarin taruwar jini a kewayen zuciya, kuma wasu sai an maimaita musu. Bayan aikin za a sha maganin tsinka jini aƙalla wata 2, kuma ba a auna nasararsa sai bayan wata 2 zuwa 3.

Ga mai son komawa fili, ƙonawar ta fi dacewa a ganinmu. Amma ci gaba da maganin tsinka jini ya dogara ne da shekaru, hawan jini da ciwon suga, ko da bugun ya daidaita.