Ɗan jagoran da ya zaga da mu Roma

Gaskiya kuɗina bai tafi a banza ba. Wani ɗan jagora muka ɗauka a Roma, ya kai mu Porta Pia, wata ƙofa a ganuwar birnin, ya nuna mana inda sojojin Italiya suka fasa ganuwa ran 20 ga Satumba 1870 suka ƙwace birnin daga hannun Fafaroma, shi kuma Fafaroman, Pius na 9, ya yi fushi ya kulle kansa a Vatican, rigimar ba ta mutu ba sai 1929. Ni da na ɗauka Italiya tun asali ƙasa ɗaya ce, ashe sai 1861 aka haɗa ta, har yau ma ƴan arewa da ƴan kudu na yi wa juna gori. Matsalar ɗan jagoran dai sauri kamar ana korarsa, ga abin kunnen da muke jin bayaninsa da shi sai yankewa yake.