Daga Forodhani Zuwa Changuu: Abin Da Ya Cancanci Kuɗinka a Zanzibar

Duk wanda ya sauka daga jirgin ruwan da ke tasowa daga Dar es Salaam, bayan tafiyar kimanin awa biyu a kan teku, shawarar farko da zai ji daga bakin direba ko ma'aikacin masauki ita ce ya je Forodhani da yamma ya ci abinci. Na bi wannan shawara dare uku a jere, kuma ra'ayina shi ne cewa wurin ya cancanci sunan da ya yi, amma ba don abin da aka fi tallata shi da shi ba.

Forodhani lambu ne da ke bakin teku a tsohon birnin Zanzibar, wanda mutanen gari ke kira Mji Mkongwe, birnin da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Yana fuskantar tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina, da kuma Beit al-Ajaib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, wadda wani sashe nata ya rushe a watan Disambar 2020. Gidauniyar Aga Khan ce ta gyara lambun aka sake buɗe shi a 2009. Da rana babu abin da ke cikinsa sai inuwa da kujeru da maguna, amma da zarar la'asar ta yi sanyi sai masu abinci su fara jera tebura, samarin gari kuma su taru a kan katangar bakin ruwa suna alkafura suna faɗawa teku, wasan da suke kira makachu. Kafin a idar da sallar magariba hayaƙin gawayi ya rufe wurin.

Abin da ke fara jan idon baƙo shi ne teburan kayan teku, inda ake jera ƙaguwa da jatan lande da manyan yankan kifi a tsinke, da pweza, wata halittar ruwa mai hannuwa takwas wadda mutanen tsibirin ke matuƙar so. Kyawun jerin ba ya misaltuwa, sai dai a nan ne ya kamata mutum ya yi hattara. Yawancin abin da ke kan teburin an riga an dafa shi tun da farko, ɗumama shi kawai ake yi a kan wuta idan ka zaɓa, kuma babu yadda za ka san tsawon lokacin da ya ɗauka a ajiye cikin zafin bakin teku. A darena na farko wani mai tebur ya cika mini faranti kafin mu yi maganar kuɗi, kifin ya zo a bushe kamar ƙirgi, kuɗin da ya faɗa kuma ya ninka abin da na biya a gidan abinci na sosai washegari. Laifina ne da ban tambaya ba, domin Bahaushen da ya saba da ciniki a Kantin Kwari bai kamata a kama shi da wannan ba. A yi ciniki kafin a ɗora komai a wuta, a kuma zaɓi abin da za a gasa ɗanye a gaban idonka.

Alherin Forodhani yana can gefe, wajen da 'yan gari ke yin layi da iyalansu. A nan ake sayar da urojo, abincin da na fi jin daɗinsa a duk zamana a tsibirin. Romo ne mai ɗan kauri, launin rawaya saboda kurkur, mai tsami saboda ɗanyen mangwaro da lemun tsami, wanda ake zubawa a kan dafaffen dankalin Turawa da bajiya, wato ɗan uwan ƙosanmu, da curin dankali soyayye da suke kira kachori, a ƙara dafaffen ƙwai da 'yan yankan nama, a barbaɗa soyayyen rogo mai ƙaras-ƙaras, sannan a ɗiga miyar kwakwa da barkono gwargwadon ƙarfin halinka. A bayani sai ka ce haɗin gambiza ne, amma a baki kowane abu yana da aikinsa: tsamin yana yanke maiƙon suyar, rogon yana hana komai zama lugub, kwakwar kuma tana kwantar da zafin barkonon. Yana da araha ƙwarai, kuma da yake tukunyar ba ta sauka daga wuta, babu fargabar da ke tattare da teburan kifi.

Akwai kuma mishkaki, tsiren mutanen gaɓar teku. Wanda ya tashi da tsire mai ƙuli-ƙuli zai ji kamar an manta da wani abu, amma naman yana shan jiƙo da citta da tafarnuwa, kuma yana da laushi. Abin da suke kira fizar Zanzibar kuwa ba ta da dangantaka da ta Italiya sai a suna, domin ƙullin fulawa ne siriri da ake naɗe niƙaƙƙen nama da albasa da ƙwai a ciki a soya a kan faffaɗan kasko. Ta ƙoshi ce, ba ta burgewa ba. Ruwan rake da ake matsewa nan take tare da citta da lemun tsami shi ne abin shan da ya dace da dukkansu.

Wanda ke son ya ɗanɗani kayan teku hankali kwance ya tafi gidan abinci na Lukmaan da rana, a unguwar Mkunazini, gefen wata ƙatuwar bishiyar kuka, kusa da cocin Angilikan da aka gina a filin tsohuwar kasuwar bayi bayan rufe ta a 1873. Tsarinsa mai sauƙi ne: abinci na jere a bayan gilashi, ka nuna abin da kake so a zuba maka. Pilau ɗinsu, shinkafar da aka dafa da kanumfari da kirfa da masoro, ita ce ta fahimtar da ni dalilin da ya sa ake kiran nan tsibirin kayan ƙamshi, kuma a nan ne na ci pweza da aka dafa cikin madarar kwakwa har ta yi laushi, na gane cewa ƙyamar da na zo da ita ta ido ce kawai. Wurin yana cika da azahar, saboda haka gara a riga jama'a. Musulmi ba shi da wahalar tambayar halal a kusan dukkan irin waɗannan wurare, tunda mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne kuma masallaci ba ya nisa da kowane lungu, amma a watan azumi da yawa daga cikinsu ba sa buɗewa sai dab da shan ruwa. Da safe kuma akwai dandalin Jaws Corner, inda dattawa ke zama a kan dakali suna kurɓar gahawa baƙa a ƙananan kofuna tare da alewar gyaɗa, zaman da ya tuna mini da teburin mai shayi, har da musun siyasa da na ƙwallo.

A ɓangaren shaƙatawa, tafiyar da aka fi yi wa baƙo tayi ita ce ta tsibirin Changuu, wanda kwale-kwale mai inji ke kaiwa cikin kusan rabin awa. An gina kurkuku a can a 1893, amma ba a taɓa tsare fursuna a cikinsa ba, sai aka mayar da shi wurin killace matafiya masu cuta. Abin kallon yanzu shi ne manyan kunkuru 'yan asalin tsibirin Aldabra na ƙasar Seychelles, zuriyar guda huɗu da gwamnan Seychelles ya aiko kyauta a 1919. Yara za su ji daɗi, babba kuwa awa ɗaya ta ishe shi. Mai son iyo ya sani cewa a gabashin babban tsibirin Zanzibar, wajen Paje da Jambiani, teku kan janye da nisa sosai sau biyu a yini, lokacin da mata ke fita gonakinsu na ciyawar teku da suke kira mwani, saboda haka sai an duba lokacin cikowar ruwa. A Nungwi da ke arewa wannan matsala ba ta da yawa, ko da yake cunkoson 'yan yawon buɗe ido da irin shigarsu ba lallai su yi wa mai iyali daɗi ba.

Game da gyaran jiki, gidan wankan Hamamni da Sarki Barghash ya gina domin jama'a ya daina aiki tun tuni, kallo kawai ake zuwa yi. Abin da ke raye shi ne singo, haɗin da ake yi wa amaryar Waswahili kafin biki, na dakakken kanumfari da sandal da busassun furannin yasmin da wardi, wanda ake kwaɓawa a goge jiki da shi. Maiɗakina, wadda ta san dilka da halawa da turaren wuta tun daga gida, ita ce ta gwada a wani ƙaramin gidan gyaran jiki cikin lungunan birnin, inda mata ne ke yi wa mata aiki a ɗaki rufaffe. Hukuncinta shi ne cewa singo bai kai dilka goge fata ba, amma ya fi ta sanyi, ƙamshinsa kuma ya kwana biyu a jikinta. Turaren udi da suka yi mata a ƙarshe ne ya fi burge ta, har ta sa muka nufi kasuwar Darajani washegari da sassafe, muka sayi udin da kanumfari na tsaraba, a farashin da bai kai wanda ake faɗa a shagunan kusa da masaukin baƙi ba.