Fentin ruwa ko akirilik: wanne za a fita da shi zanen itatuwa a Katsina?

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta tambaya ko fentin ruwa za ta saya ko akirilik (wani fentin zane mai kauri da ake sirkawa da ruwa), domin tana son ta riƙa zama inuwar itatuwan GRA tana zana su ido da ido. Ƙanwata, ni fentin ruwa zan ce miki.

Kayansa ba nauyi: ɗan akwatin kala, buroshi biyu, gorar ruwa, takarda da katakon jingina ta, duk jaka ɗaya ta ɗauke. Akirilik sai da ƙyallen zane ko kwali mai kauri, farantin haɗa kala, da ruwan wanke buroshi mai yawa.

Inda suka rabu da gaske shi ne iskar garinmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na shanye danshin komai, su biyun duka sukan bushe kafin ki ɗago kai ki sake duban itacen. To amma abin da ke riƙe kalar fentin ruwa ƙaro ne, irin wanda ake sa wa tawadar allo, shi ya sa ko ya bushe ƙamas a akwati, ɗigon ruwa na taɓa shi zai farfaɗo. Akirilik kuwa roba ce a cikinsa. Da ya bushe shi ke nan, a faranti da bakin buroshi. Ki ajiye buroshi ki tsaya gaisawa da mai wucewa, ki juyo ki tarar gashinsa ya sandare. Ƙura ma in ta sauka kan akirilik mai danshi ta zauna, alhali ta kan fentin ruwa kaɗe ta ake yi bayan takarda ta bushe.

Hanyar aikinsu ma ba ɗaya ba ce. Dubi ƙarƙashin darbejiya da hantsi, yadda rana ke ratsa ganye tana zuba ɗigo-ɗigon haske a ƙasa. A fentin ruwa wannan hasken farin takardar ne da kansa, kewaye shi za ki yi tun farko, ki fara da kala mai haske ki riƙa ƙara duhu. In kika rufe shi da wuya ya dawo. Akirilik ya fi haƙuri da mai koyo, kina iya shafa fari a kan duhu ki binne kuskure. Ki kuma sani fentin ruwa yakan koɗe kaɗan in ya bushe, akirilik ya ɗan ƙara duhu.

Hazon da ke lulluɓe itatuwan nesa, nan fentin ruwa ba shi da na biyu: ki jiƙa takarda, ki sa kalar ruwan ƙasa tsararo da ɗan shuɗi, ki bar su su narke cikin juna. Koren da ke zuwa a akwati ya cika ƙarfi ga ganyen rani mai ƙura, sai kin karya shi da ɗan ja.

Akirilik na da nasa wurin. In jikin hasumiyar Gobarau ko tsohuwar katangar ƙasa kike so, da kaurinta da tsage-tsagenta, shi zai ba ki. Ana rataye shi ba gilashi, kuma yayyafin Agusta da zai ɓata fentin ruwa nan take ba ya yi masa komai in ya bushe.

Kuɗinki ki zuba a takarda kafin kala. Nemi mai kauri wadda aka rubuta wa 300gsm (nauyin giram 300 a murabba'in mita), ta auduga in da hali, ki liƙe gefunanta da salatif a katako, domin mara kauri tana shan ruwa za ta kumbura ta tara kala wuri guda. Ki fita da safe ko bayan la'asar, ki zana iyakar inuwa da fensir tun kina zama, don kafin awa guda ta matsa.