Gyaran da Baba ya yi wa tsohuwar Tektronix 465 ɗina

Na'urar da nake duba siginar lantarki da ita, osiloskof ƙirar Tektronix 465, ta girme ni. A 1972 aka fara fitar da irinta a Amurka, ni kuwa a wurin 'yan gwanjo na saye ta. Ta yi mini shekara biyu lafiya lau, sai layin allo ya fara rawa yana kauri, rannan ina kunnawa fiyus ya ƙone.

Wani dattijo mai gyaran rediyo aka nuna mini a Sabon Gari, Kano. Na je da niyyar a sa sabon fiyus in tafi. Ya ce, "Ɗana, fiyus ba ya ƙonewa haka kawai." Ya fara duba makullin zaɓen ƙarfin wuta da ke bayan na'urar ko yana kan bolt 230, sannan ya jona kwan fitila a kan layin wutar kafin ya kunna. Kwan ya haska tar bai rage ba, alamar wani abu ya haɗe a ciki. Wata 'yar ƙaramar kafasita ce (abin da ke tara cajin wuta), irin wadda ake yi da ƙarfen tantalom, ta haɗe a layin bolt 15.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin awonsa. Wannan na'ura tana da layukan wuta na bolt 55, 15, 5 da kuma 8 na ƙasa da sifili, kuma daga na 55 sauran ke ɗaukar ma'auni. Na 55 ɗin ya fara daidaitawa, sauran suka zauna da kansu. Manyan kafasitocin tace wuta ya auna su ɗaya bayan ɗaya, biyu da suka bushe kawai ya cire, su ne ke sa layin allo rawa. Ɓangaren allo kuwa, inda wuta ke haura bolt 18,000, bai kai hannu ba sai da ya sauke cajin, ni ma ya sa na ja da baya.

Inda na ji ba daɗi shi ne jira. Mako uku ina zarya saboda neman kafasitar da za ta shiga gurbin tsohuwar. Kuɗin aikin ma ya ɗan yi mini nauyi, amma ɗaurin dalmarsa tsaf yake, ya kuma miƙo mini matattun kayan a leda. Wata biyar ke nan layin allo yana tsaye siriri, kuma na bi shawararsa, ba na kunna ta da janareta sai ta bayan sitabilaiza.