UFW a Sabar Ubuntu: Mai Gadi Nagari, Amma Docker Na Bi Ta Bayan Gida

UFW manhajar katangar tsaro ce da Ubuntu, wani nau'in Linux, ke zuwa da ita tun fitowar 8.04 a 2008. Kyauta ce, sai dai a kashe take zuwa. Aikinta tsare ƙofofin sadarwa na saba ba tare da mutum ya shiga dajin iptables (tsarin Linux na rubuta dokokin tace saƙonnin sadarwa) ba, kuma a nan ta ciri tuta.

Layi huɗu sun wadatar: `ufw default deny incoming`, `ufw default allow outgoing`, `ufw allow 22/tcp`, sannan `ufw enable`. Na ukun nan kada a tsallake shi. Wanda ya kunna katanga bai buɗe ƙofa ta 22 ba, SSH, hanyar shiga saba daga nesa, zai rufe masa, ya koma neman shiga ta shafin kamfanin da ya ba shi hayar sabar. Gara ma `ufw limit 22/tcp`, wanda ke toshe duk adireshin da ya ƙwanƙwasa sau 6 cikin daƙiƙa 30.

Dokokin ana bin su ne daga sama, wadda ta fara dacewa ita ke aiki. Shi ya sa dokar hana wani adireshi, in ta zo ƙarƙashin ta buɗewa, aikin banza ce. A duba da `ufw status numbered`, a gyara da `ufw insert 1`.

Babban aibunta Docker, manhajar da ke gudanar da wasu manhajoji cikin keɓaɓɓun akwatuna da ake kira kwantena. Idan aka ta da kwantena da `-p 8080:80`, Docker na rubuta nasa dokokin kai tsaye a iptables, saƙo ya wuce kafin ya iso wurin UFW. Allo zai nuna komai a rufe, alhali ƙofa ta 8080 a wangale take ga duniya, kuma ko gargaɗi babu. Maganin shi ne `-p 127.0.0.1:8080:80`, wanda ke taƙaita ƙofar ga cikin sabar kaɗai, ko a sa dokar hanawa a sarƙar DOCKER-USER ta iptables.

Kuma rufe ƙofa ba kashe hidima ba ne. `ss -tulpn` zai nuna hidimomin da ke sauraro a ƙofofi. Sau da yawa a tarar da manhajojin adana bayanai irin su MySQL a ƙofa ta 3306 ko Redis a 6379. Abin da ba a bukata, `systemctl disable --now` ya kashe shi, in yana dawowa da kansa a bi shi da `systemctl mask`.

Ga saba ɗaya mai ɗauke da shafin intanet, UFW ta isa. Mai kwantenoni da yawa kuwa ya gwada ƙofofinsa da nmap, manhajar binciken ƙofofin da ke buɗe, daga wata kwamfutar, kada ya tsaya ga abin da `ufw status` ya gaya masa.