Kafintan Garin Malam da ya haɗa min akwatunan sifika biyu

Masu tambayata inda na samo akwatunan nan biyu da nake fita da su wajen biki da suna, toh ba daga Kano aka kawo su ba, nan cikin Damagaram aka haɗa su, a zauren wani dattijon kafinta a Garin Malam. Ba shi da shago a bakin titi, ba shi da allo, zauren gidansa ne ya mayar wurin aiki, teburi ɗaya, zarto, injin huji da ɗan injin yanka na hannu, sai yara biyu masu koyo. Na ga ya kamata in faɗi yadda aikin yake saboda masu sono, wato masu hayar kayan sauti, da yawa suna ɗauka duk wanda ya iya haɗa kabad zai iya haɗa akwatin sifika, alhali wallahi ba haka ba ne.

Ni na kai masa sifikun, manya biyu masu inci 15, om 8 kowanne (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga lantarki), da tuwita biyu, wato ƙananan sifiku masu fidda siririn sauti. Abu na farko da ya burge ni bai ɗauki zarto ba sai da ya juya sifikar ya duba maganaɗisun, ya auna zurfinta, ya tambaye ni a fili zan riƙa kunnawa ko a ɗaki, magana ta fi yawa ko kiɗa. Na ce Baba duka ne, yau wa'azi gobe biki. Ya ce toh ɗana sai mu ba ta ciki wadatacce, don sifika mai girman nan in aka matse ta bas ɗin ba ya fita. Ya lissafa kusan lita 100 kowane akwati.

Kan katako muka ɗan ja. Ni ina son filawud mai milimita 12 don ya fi araha kuma ya fi sauƙin ɗauka, shi kuma ya kafe sai mai 18. Hujjarsa, siririn katako in sifika ta fara bugawa shi ma bangon sai ya kama rawa, sai ka ji wani guu guu yana bin muryar mai magana, jama'a su ce amfuli, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ne ba kyau alhali akwatin ne. MDF kuwa, wato allon garin katako da aka matse, ya ce kar ma in kawo zancensa, sautinsa ba laifi amma nauyi gare shi kuma da ya sha ruwan damina ko raɓa zai kumbura, gefensa ya fara ruɓewa, ga shi kayan haya kullum ana loda su ana saukewa. Tare muka je Kasuwar Dole, falle guda santimita 122 ne a 244, ya riƙa duba gefen kowanne yana ƙirga layukan yana neman inda aka bar rami a tsakani. Wanda ya ga rami ya ture shi gefe, mai shagon har ya fara gajiya da mu, shi ko ajikinsa.

Wajen haɗin ne na gane kuɗina bai tafi a banza ba. Ƙusa ko ɗaya bai buga ba, gam yake shafawa a duk haɗi sannan ya huda ya ɗaure da sukuru, gam ɗin da ya tsiyayo ta ciki ya bi shi da yatsa ya lafe shi a kusurwa don kar iska ta samu hanya. Ya gitta sanduna a ciki daga bango zuwa bango, ya ce in ƙwanƙwasa gefen kafin ya sa da bayan ya sa, da farko yana amsawa kamar ganga, daga baya sai ka ji tauri kawai. Ya liƙa soso a baya da gefe amma bai toshe ramin iskan da ke gaba ba. Ramin nan ma da bututun roba ya yi shi, ya bar shi da tsawo, muna kunnawa yana ragewa kaɗan kaɗan har bas ɗin ya zauna yadda kunnensa ya yarda, don tsawon bututun da faɗinsa su ke sa inda bas zai fi ƙarfi.

Da ya zo haɗa waya ya ɗauko ƙaramin batir na rediyo mai volt 1.5 ya taɓa wa kowace sifika, in takardar ta turo waje ya sa alamar ja a wayar. Ya ce in ɗaya tana turawa ɗaya tana ja a lokaci guda bas ɗin cinye juna yake, ka yi ta ƙara murya ba ka jin komai. Ya kuma ja min kunne cewa in na haɗa su biyu a layi ɗaya na amfuli, ja da ja, sun koma om 4, in tabbatar amfulina yana ɗauka, musamman a zafin Afrilu da Mayu da na'ura ke gasuwa tun hantsi.

Yanzu inda bai gamsar da ni ba. Alkawarin lokaci gaskiya babu, ranar da ya sa ta wuce an sake sa wata, wani lokacin ɗauke wuta ne ya tsayar da injin tunda ba shi da gurup, wato janareta, wani lokacin kuma ya karɓi aikin gadon amarya ya ajiye nawa a gefe. In kana da biki a gaba ka kai aikinka da wuri sosai. Fentin baƙin da ya shafa ma bai kai ingancin haɗin ba, tun fitowar farko a bayan adaidaita ya fara gogewa a kusurwa, sai da na sayo ƙarafan kusurwa na sa da kaina, kuma mariƙin da ya sa ƙanana ne ga akwati mai wannan nauyin, mutum ɗaya ba ya ɗauka sai biyu. Ragar gaba kuwa wurin mai walda ya tura ni, ba ya cikin kuɗin aikinsa, ya kamata a ce ya faɗa tun farko.

Amma sauti kam alhamdulillahi. Mun kunna su a saukar Alƙur'ani a Birni, a fili, muryar yara tana fita tas har layin baya ba ƙara ba kakkarwa, a biki kuma bas ɗin a ƙirji kake jinsa ko ba a ƙure amfuli ba. Hunturu ya wuce a kansu da ƙurarsa da bushewarsa, haɗi ko ɗaya bai buɗe ba. Wanda zai je ya tafi da sifikunsa a hannu don da su yake aune, ku yi maganar fenti da mariƙi da raga tun kafin a yanka katako, kuma in ya ce mai 18 kar ku ja da shi. Ni dai na riga na gaya masa bayan damina zan kawo mai inci 18 ya yi mata nata akwatin.