Zanen da Aka Buga da Wanda Ya Maƙale a Aljihun Tebur: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

A watan Janairun 2021, gidan gwanjo na Artcurial da ke birnin Paris ya sayar da wata takarda guda ɗaya kan kusan Yuro miliyan 3.2. Zane ne da Hergé, ɗan ƙasar Beljiyam da ya ƙirƙiro Tintin, jarumin littattafan labarin zane (comics), ya yi a 1936 domin bangon littafinsa Le Lotus bleu: Tintin da karensa suna leƙowa daga cikin wani ƙaton tulu, ga jan dodo ya miƙe a gabansu. Maɗaba'ar Casterman ta ƙi amfani da shi a wancan lokaci, saboda buga launukansa zai ci kuɗi da yawa. Bayan shekara guda, a Janairun 2022, gidan gwanjo na Heritage da ke Dallas a Amurka ya sayar da shafi ɗaya na Mike Zeck daga littafin labarin zane na kamfanin Marvel, Secret Wars fitowa ta 8, da aka buga a 1984, kan Dala miliyan 3.36. A shafin ne aka nuna yadda Spider-Man ya sami baƙar rigarsa.

Wanda ya ga waɗannan kuɗaɗe biyu zai ɗauka cewa zanen da aka buga da wanda ba a buga ba duk kanwar ja ce. Ba haka kasuwar take ba. Na Hergé ya fita daban ne. A yawancin lokuta, idan aka ajiye shafuka biyu na mai zane ɗaya, masu kyau iri ɗaya, wanda ya fito a littafi ya fi tsada, wani lokaci nesa ba kusa ba. Mai niyyar saye yana bukatar ya san dalilin haka kafin ya saki ko sisi.

Abin da ake kira zane na asali shi ne takardar da mai zane ya sa wa hannu, wadda daga jikinta aka ɗauki hoton da aka buga. A Amurka farar takarda ce mai kauri, yawanci inci 11 da 17, kuma ta kafin ƙarshen shekarun 1960 ta fi haka girma. Mutum ɗaya ya zana da fensir, wani ya bi da tawada, wani ya rubuta maganganun. Za ka ga farin fenti inda aka gyara kuskure, ka ga 'yan rubuce-rubucen edita a gefe, ka ga tabon gam inda aka manna wani abu. Littafin da aka buga akwai dubban irinsa, har akwai kamfanoni irin su CGC da ke auna lafiyarsa su ba shi maki. Takardar asali kuwa guda ɗaya ce tal a duniya, babu wani ma'auni da kowa ya yarda da shi. Farashinta shi ne abin da mutum biyu masu sonta suka ja a ranar gwanjo.

To me ke sa su ja? Galibi ƙuruciya ce. Mutumin da ya karanta labarin yana ɗan shekara goma, yanzu ya yi kuɗi, yana son ya riƙe ainihin takardar da ta burge shi. Wannan shi ne babban jarin shafin da aka buga. Yana kuma da wata fa'ida ta biyu: ana iya ɗauko littafin a ɗora kusa da takardar a gwada layi da layi, don haka yin jabunsa da wuya. Ga kuma tarihin ciniki. Idan shafi na 12 na wata fitowa ya tafi a kan kaza bara, ka san inda na 13 zai tsaya. Shafin da ba a buga ba ya rasa duka ukun. Babu wanda ya girma da shi, babu littafin da za a gwada shi da shi, kuma sau da yawa babu ɗan'uwansa da aka taɓa sayarwa.

Shi ya sa tambayar farko da nake ganin ya kamata mai saye ya yi ita ce: me ya hana a buga shi? Amsar ce ke raba tsaba da tsakuwa.

Mafi daraja shi ne zanen da aka yi domin sanannen aiki, aka kai shi har teburin edita, sannan aka canja shawara. Na Hergé yana cikin wannan sahu. Haka bangon da Steve Ditko ya zana wa Amazing Fantasy fitowa ta 15 a 1962, inda Spider-Man ya fara bayyana, wanda aka ajiye aka sa Jack Kirby ya zana wani. Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Batman a 1988. Kamfanin DC, mai buga labaran Batman, ya bai wa masu karatu lambobin waya biyu su zaɓa ko Robin, wato Jason Todd, yaron da ke taimaka wa Batman, ya mutu ko ya rayu. Masu son ya mutu suka yi rinjaye da ƙuri'a 72 kacal cikin fiye da 10,000. Tun kafin a ƙirga, mai zanen labarin, Jim Aparo, ya riga ya zana ƙarshen labarin iri biyu. Wanda yaron ya rayu a ciki ya zauna a ma'ajiyar kamfanin shekara da shekaru, sai a Disambar 2023 aka fitar da fitowar da wannan ƙarshe. Irin wannan takarda tana cin gajiyar ƙuruciyar da na ambata ta bayan gida: mai saye ya san labarin, ya san inda hanya ta rabu, yanzu ga ɗaya hanyar a hannunsa. Idan ka sami irinta da shaida mai ƙarfi, ba laifi ka biya kusan kuɗin wadda aka buga, wani lokaci ma fiye.

Biye da shi akwai shafukan aikin da aka soke gaba ɗaya. A 1983 George Pérez ya zana shafuka 21 da fensir na wani labari da zai haɗa jaruman DC da na Marvel, sai kamfanonin biyu suka kasa daidaitawa, aikin ya rushe. Masoya sun yi shekara ashirin suna zancen waɗannan shafuka kafin Pérez ya sake zana sabon labarin da ya fito a 2003 da 2004. Zancen nan shi ne darajarsu. Amma a kula, ba kowane aikin da aka soke ne aka yi kewarsa ba. A 1978 DC ya soke jerin littattafai da yawa a lokaci guda, har ya tattara ragowar ayyukan ya yi musu kwafi kusan 35 a ƙarƙashin sunan Cancelled Comic Cavalcade domin kare haƙƙin mallakarsa. A ciki akwai masu kyau, akwai kuma jaruman da yau ba wanda ya tuna da su. Kamfanoni sukan kuma sa a zana labaran ko-ta-kwana, a ajiye saboda ranar da wani ya makara da aikinsa. Waɗannan cikakkun shafuka ne, aikin ƙwararru, kuma su ne suka fi araha. Ga wanda zanen kansa yake so, ba sunan fitowa ba, nan ne kasuwa ta fi daɗi.

A nan akwai wani alheri da shafin da ba a buga ba ya fi wanda aka buga. Da zarar mai tawada ya gama, sai a goge fensirin. Wato a mafi yawan shafukan Kirby da aka buga, hannun da kake gani a sama na wani ne, kuma an san wasu masu tawadar da kan rage abin da ya zana don su gama da wuri. Shafin da aka ajiye kafin a kai shi wurin tawada yana ɗauke da hannun mai zanen tsantsa, da nauyin fensirinsa, da inda ya yi shakka ya sake layi. Masu tara zane da suka daɗe a harkar suna girmama wannan ƙwarai, ni ma ina tare da su. Sai dai kasuwa gaba ɗaya ta fi son baƙar tawada mai fitowa ɓaro-ɓaro a jikin bango, kuma fensir yana gogewa idan aka yawaita taɓa shi.

Zanen gwaji, wanda mai zane ke yi a ƙaramar takarda don ya tsara yadda bango ko shafi zai kasance, darajarsa tana rataye ne da aikin da ya haifa. Na sanannen bango yana da masu nema, domin shi ne hanya mafi sauƙi ta mallakar wani yanki na abin da ya fi ƙarfin aljihu. Na bangon da ba a sani ba kuwa, ka saya don kana so.

Sai rukunin da ya fi yawa, wanda kuma ya fi ruɗar sabon shiga: zanen da wani ya biya mai zane ya yi masa, da wanda aka yi cikin minti goma a wajen baje koli, da tsohon bango da mai zanen ya sake zanawa bayan shekaru. Dillali zai iya kiran duk waɗannan "ba a taɓa bugawa ba", kuma bai yi ƙarya ba. Amma ba a taɓa nufin buga su ba tun farko, don haka babu wani labari a bayansu. Suna da kyau, suna faranta rai, musamman idan kai ka zaɓi abin da za a zana maka. Ranar sayarwa ce matsalar. Abin da ka zaɓa don kanka ba lalle ya dace da son wani ba, kuma muddin mai zanen yana raye yana karɓar aiki, mai saye zai gwammace ya je wurinsa kai tsaye. Nan ne kuma jabu ya fi yawa, domin kwaikwayon kan Batman da sa hannu a ƙasa bai kai wahalar kwaikwayon cikakken shafi ba.

Wannan ya kawo mu ga salsala, wato daga hannun wa zuwa hannun wa takardar ta biyo. Sayen zanen da ba a buga ba babu salsala kamar sayen fili ne babu takarda. Har zuwa shekarun 1970 manyan kamfanonin Amurka ba sa mayar wa masu zane aikinsu. Wasu shafukan an zubar, wasu an kyautar, wasu sun fita daga ma'ajiya ba da sanin kowa ba. Kirby ya yi doguwar ja-in-ja da Marvel kafin a 1987 a mayar masa da kusan shafuka 2,000 daga cikin fiye da 10,000 da ya zana musu. Saboda haka tambayar inda tsohon shafi ya fito ba rashin kunya ba ce. Ko zanen Hergé ɗin nan bai tsira daga ita ba. Labarin da aka bayar shi ne Hergé ya bai wa ɗan mai maɗaba'ar kyauta yana yaro ɗan shekara bakwai, yaron ya ninke shi shida ya jefa a aljihun tebur. Wasu masana aikin Hergé sun ja da wannan labari. Abin da ba wanda ya ja da shi shi ne hannun Hergé ne, kuma takardar ta fito daga gidan Casterman. Alamun ninkin suna nan a jikinta, ba su kuma hana ta yin tsada ba.

Gani ya kori ji, don haka ka nemi hoton gaba da baya, har da gefuna. Takardar kamfani mai tambari, lambar aiki, hatimin edita, rubutun da ke cewa a gyara kaza, duk shaidu ne cewa aikin ya shiga ofis. Idan mai zanen yana raye, ko yana da wakilin da ke sayar masa, aika hoton a tambaya. Ka duba ko an taɓa ambatar aikin a wata hira ko mujalla tun kafin a kawo shi kasuwa. Labarin da aka fara ji ranar da aka sa farashi abin tsoro ne.

Ga sababbin ayyuka akwai wani tarko. Masu zane da yawa yanzu a kwamfuta suke aiki. Wani ya yi fensir a takarda, ya aika hotonsa ta intanet, mai tawada ya buga shi da shuɗin layi a wata takardar ya bi da tawada. Shafi ɗaya, takardun asali biyu, a hannun mutum biyu. Wani kuma babu takarda sam, sai bugu guda ɗaya da ya sa wa hannu. Ka tambaya ƙarara wanne ake sayar maka.

Kada kuma ka ɗauka sayen takardar ya ba ka ikon bugawa. Haƙƙin mallaka yana nan wurin kamfanin ko mai zanen ko magadansa. Idan su suka buga aikin daga baya, kamar yadda ya faru da shafukan Aparo, yawanci alheri ne ga mai riƙe da takardar, domin mutane sun ƙara saninta, ga kuma tabbaci daga tushe.

Wurin saye ma zaɓi ne. Gidan gwanjo yana bincike, yana barin tarihin cinikin a fili, amma yana ɗora la'ada a kan kuɗin da aka buga guduma, sau da yawa kashi 20 cikin 100 ko fiye. Dillali ana iya taya masa, wani ma yakan yarda a biya kashi-kashi. Saye daga hannun mai zanen ko wakilinsa ya fi kowanne kwanciyar hankali. Wanda zai sa a aiko masa zuwa ƙasashenmu ya ƙara lissafin kuɗin aike da inshora da na kwastam, sannan ya tanadi wurin ajiya, domin danshin damina da hasken rana da gara ba sa barin takarda, kuma zanen da aka yi da alƙalamin maka (marker) yana koɗewa ya koma ruwan hoda.

Da ni ne mai farawa da kuɗi kaɗan, zan fara da shafin da aka buga na mai zanen da nake so, ko da ba jarumin ne a ciki ba, don in koyi yadda ainihin takarda take a hannu. Na biyu kuma zan nemi cikakken shafin fensir daga labarin ko-ta-kwana ko aikin da aka soke, a kan takardar kamfani, daga hannun wakilin mai zanen, da rasit mai bayyana sunan aikin da shekararsa.